Takalmin Roba a Ɗakin Malam

Makon jiya na wuce ta wani shago a bakin Ƙofar Doka, na ga wani saurayi ya buɗe cikin kwamfuta, yana zaune a kan siminti, ƙafarsa ba takalmi, waya kuma tana maƙale a bango. Hira yake da abokansa yana dariya, hannunsa a cikin inji. Na tsaya na ce ya tashi ya sa takalmi. Ya ce, "Hajiya, ai wannan ba komai ba ne, ko yaro ya iya." Ban yi masa gardama ba. Na tsaya a kansa har sai da ya sa, sannan na wuce. Saboda shi da irinsa na zauna na rubuta wannan. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na koyi karatun boko, don haka mai neman daɗin zance ya nemi wani wurin. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Sunana Asabe, amma a cikin birni in ba ka ce Asabe mai takalmi ba, babu wanda zai nuna maka gidanmu.

A ajin yaƙi da jahilci na fara, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare da gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburinsa. Daga nan na koyi tafireta, na sami aiki a wani shago a Tudun Wada ina buga wa ɗalibai takardunsu. Jikin shagonmu akwai Malam Bawa mai rediyo. Siririn mutum ne, ba ya son surutu, duk bayan hannunsa tabon dalma. Rediyo da talabijin yake gyarawa, amma da kwamfuta ta fara shigowa Zariya a farkon shekarun casa'in, wajensa aka riƙa kaiwa, don babu wani.

Masu ita a lokacin 'yan kaɗan ne: manyan ma'aikata, malaman jami'a, da waɗanda suka je karatu waje suka dawo da ita a kwali. Da yawansu 'yan cikin birni ne, kuma can cikin gida suke ajiye ta, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. In ta lalace sai a ɗora ta a babur, a bi lungu, a tsallake kwata, a faɗa rami, kafin a isa Tudun Wada ciwo ɗaya ya zama uku. Wata rana aka kawo masa wata da abin ajiyarta ya mutu a hanya da duk aikin mai ita a ciki. Bayan mutumin ya tafi, Malam Bawa ya leƙo shagonmu.

Ya ce, "Asabe, ke ana barinki ki shiga gidajen nan. Ni ba a barina. Za ki koya?"

Na ce, "Malam, ni ko ƙwan lantarki ba na canjawa. Tsoron wuta nake ji."

Ya ce, "Shi ya sa na zo wajenki. Marasa tsoron na gwada su."

Ranar farko bai bar ni na taɓa ko sukudireba ba. Ya sa na cire awarwaro da zobe da sarƙa, na ɗaure mayafi a ƙugu don kada gefensa ya ja wani abu. Sannan ya aika aka sayo takalmin roba a Sabon Gari, baƙi, mai kaurin ƙasa, mummuna, irin na masu aikin kamfani. Ya ajiye shi a gabana. Ya ce, "Wuta ba ke take nema ba, ƙasa take nema. In ta shiga ta hannunki, ta ƙafarki za ta fita, kuma zuciyarki tana kan hanya. Wannan takalmin shi zai tare mata hanyar. Duk ranar da kika cire shi a gaban inji, kada ki ce ni na koya miki." Ya kuma koya mini aiki da hannu ɗaya, na hagu a bayana, in dai akwai waya a bango. Har yau in na matso kusa da soket, hannuna na hagu da kansa yake komawa baya.

Kayan aikina ba su da yawa, jakar leda mai kauri ta ɗauke su. Sukudireba manya da ƙanana, filaya mai hannun roba, burushin fenti na share ƙura, tocila, ƙarfen narka dalma, mita mai allura, da fis, ɗan abin nan da yake tsinkewa in wuta ta yi yawa, a cikin gwangwanin alewa. Amma babba a cikinsu shi ne mafi araha, tasta, ƙaramin sukudireba mai 'yar fitila a ciki. Kafin hannuna ya taɓa jikin kowace kwamfuta, tasta ne yake fara taɓawa. In fitilar ta kama, to ƙarfen jikin injin yana ɗauke da wuta. A gidajen cikin birni sau da yawa tana kamawa, domin waya biyu kawai aka ja musu. Ta ukun, wadda ake binne ƙarshenta a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓace, ba a sa ta. Mai jan waya ya ga ba ta kunna ƙwai, ba ta kunna fanka, ya ce ɓarnar kuɗi ce. Gidan da babu wayar ƙasa, duk wanda ya taɓa inji ƙafarsa ba takalmi, shi ne wayar ƙasar.

Aikin da na fara zuwa ni kaɗai, wata Hajiya ce a Kwarbai ta aiko cewa kwamfutar maigida ta mutu, shi kuma yana hanyar dawowa daga Kaduna. Na tarar da ita da mai aikinta sun yi jugum kamar an yi rasuwa. Na zagaya baya da tocila. Wajen shara tsintsiya ta ja waya ta zame daga mazauninta, ba ta faɗi ba, ta dai saki. Na tura ta, na kunna, inji ya yi kukansa. Hajiya ta ce wallahi ni waliyiya ce. Na ce ba waliyiya ba ce, zo ki ga. Na kama hannunta na nuna mata. Tun daga ranar na ɗauki ɗabi'ar koya wa matan gida abin da za su iya da kansu, don ba ni da ƙafar da zan riƙa zaga birni saboda tsintsiya.

Wani gidan kuma a bazara, kwamfuta tana aiki sai ta kashe kanta. Na shiga na tarar an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai aikin kwarashi kamar kayan ɗakin amarya, har bayanta inda iska take fita, ga kaskon turaren wuta a gefe kullum safe da yamma don ɗakin ya yi ƙamshi. Da na buɗe, fankar ciki ta daskare da maiƙon turare, baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Ƙamshi dai kam ta yi shi. Na wanke fanka, na ce a fitar da kasko, a cire ƙyalle in za a kunna. Uwargidan ta ce to ai ɗakin zai yi muni. Na ce ta zaɓa.

Akwai kuma wani Alhaji da ya ga ɗan jan maɓalli a bayan tasa, ya ce bari ya tura ya ga abin da zai faru. Maɓallin nan shi yake gaya wa inji irin wutar ƙasar da yake, tamu ko ta Amurka wadda ba ta kai tamu ƙarfi ba. Ya tura, ya kunna. Matarsa ta ce ƙarar har zaure aka ji, hayaƙi ya cika ɗaki, Alhaji ya fito ba hula.

Saboda irin waɗannan na yi wa matan iyaka, ina maimaita musu har suka haddace. Abin da yake waje naki ne: ki duba waya ko ta zauna, ki share ƙura, ki ciro ƙwallon da ke cikin ɓera ki goge in kibiya ta ƙi tafiya. Ɓera muke ce wa abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur. Abin da yake bayan sukuru nawa ne, ki aiko. Duk abin da ya yi ƙauri, ko ya yi baƙi, ko ya cije ki da wuta, kada ki sake taɓawa, ki aiko. Abin da yake bayan gilashi kuwa, wato cikin talabijin ɗin kwamfutar, ko ni ba nawa ba ne. Wannan na Malam Bawa ne. Ku yaran yanzu ba ku san irin talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya ba. Ko an zare shi daga bango ya kwana, yana riƙe da wutar da za ta buga ƙato da bango. Ni mai gyara ce, amma ban taɓa jin kunyar cewa wannan ya fi ƙarfina ba.

Wahalata ɗaya a aikin nan ita ce takalmi. Kun san mu, ba a shiga ɗakin mutum da takalmi. Ni ma haka aka rene ni. Ga shi kuma cin abincina duk a cikin ɗakunan mutane yake, da izininsu nake shiga. In na cire takalmi, a bakin raina. In na ƙi cirewa, a rufe mini ƙofar gida. Wasu gidajen sai in sa a zare komai daga bango a fito da inji rumfa. Wasu su bar ni in shiga suna gunaguni, a bi bayana da tsumma. Na sha jin, "Ga Baturiya ta iso." Wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko da shi nake kwana. Na ce in gadon yana da waya, da shi zan kwana. Akwai gidajen da ba su sake kirana ba.

Sai ga muguwar shekara. Ba zan ce muku ga lambarta ba, amma duk wanda ya yi wayo a tsakiyar shekarun casa'in ya san lokacin da man fetur ya ɓace, motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Wutar lantarki ta zama abin tsoro. A ɗauke kwana da kwanaki, a kawo ta ja kamar garwashi, ba ta iya juya fanka, sai kuma farat ɗaya ta zo da ƙarfin da zai fasa ƙwai. Injuna suka riƙa ƙonewa. Kayan gyara sai daga Legas, ga babu motar zuwa. Damina kuma ta yi nauyi, katangun ƙasa suka sha ruwa har suna zufa daga ciki. Mutane suka daina kiran mai gyara, kowa ya zama injiniyan gidansa. Na ga an ɗaure fis da zaren tagulla. Na ga an ɗora kwamfuta a kan soro an shanya ta a rana kamar batir.

A cikin wannan daminar Malam Bawa ya gamu da nasa. Ina shagon. Ya buɗe bayan wani talabijin ɗin kwamfuta, a zare yake, ya yi abin da ya saba yi na zubar da wutar da ke ciki, amma ashe wayar da yake zubarwa da ita ta tsinke a cikin robarta, bai sani ba. Ya kai hannu. Ƙarar kamar an karya busasshen kara. Na gan shi a ƙasa jikin ƙofa, hannunsa na dama ya bi ta cikin gilashin kabad. Ya rayu, amma yatsunsa ba su sake riƙe ƙarfen dalma ba, rawa suke yi. Mutumin da ya fi kowa kiyayewa ke nan a Zariya. Daga ranar na zama ni kaɗai, babu wanda zan tura wa abin da ya fi ƙarfina sai wani a Kaduna. Kullum da safe kafin in fita sai in juya takalmina in duba ƙasansa ko ya tsage ko ƙusa ta shiga.

Ana cikin haka aka aiko daga Ƙofar Galadima, gidan Malam Haruna. Malami ne mai karantar da manyan littattafai a zaurensa. Ƙanensa da ke Amurka ya aiko masa da kwamfuta, matarsa Rabi, wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata, ita take buga masa darussansa a ciki. A duk matan da na koya wa ƙananan gyara, babu mai hannu kamar Rabi. Sau ɗaya ake nuna mata abu. Saƙon da ta aiko gajere ne: kwamfuta tana cizo.

Na isa bayan azahar, an ɗan tsagaita ruwa, tsakar gida duk taɓo. Malam ya tafi jana'iza. Da ma a rumfa injin yake, amma da rumfa ta fara yoyo sai aka mayar da shi ɗakin littattafan Malam, soron da ya fi kowanne rufi. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Daga bakin ƙofa ina hango littattafai a jikin bango har sama, buzun Malam a shimfiɗe, kwamfuta a kan ɗan tebur a can ƙurya. Daɓen ƙasa ne, ya yi duhu saboda laima, sanyinsa har fuska. Babu wuta a unguwar tun jiya.

A bakin ƙofar, a kan kujera 'yar tsugunne, mahaifiyar Malam ce zaune, Iya Mairo. Tsohuwa ce ƙarama, amma ko Malam ba ya ɗaga murya a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, idonta a kan ƙafata.

Ta ce, "Ke ce 'yar takalmin?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

"To ajiye shi nan."

"Iya, ki yi haƙuri, ba na aiki sai da shi."

"Kin san abin da ke cikin ɗakin nan? Littattafan kakan Malam ne. Alƙalai sun shiga ɗakin nan, hakimai sun shiga, duk a nan suka bar nasu. Ke wace ce? Dubi abin da kika kwaso, kashin kaji da ruwan kwata."

Gaskiyarta, na kwaso. Tun daga bakin titi a ƙafa na biyo lungu. Na ce, "Iya, ba raini ba ne. Abin nan kisa yake yi. Wanda ya koya mini aikin yana kwance."

Ta ce, "Wutar da babu ita ce za ta kashe ki? Ai ko 'yar jikata ta san an ɗauke."

Rabi ta taso daga wajen randa, ta yi alwala ke nan, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, ƙafarta a jiƙe. Mace ce mai son a zauna lafiya. Ta yi dariya ta ce, "Iya, Yaya Asabe, ku bar faɗan nan. Bari in fito mata da shi waje, ta yi aikinta da takalminta, kowa ya huta." Ta zame silifas ɗinta a bakin ƙofa ta shige.

Na ce, "Rabi, tsaya. Gaya mini yadda ya fara cizon."

Tana kwance wayar talabijin daga baya tana ba ni labari. Ta ce kwanakin baya da aka kawo wuta mai ƙarfi, fulogin ya narke, an zaga kasuwa ba a sami irinsa ba, ga Malam yana jiran darasi. Sai ta yanke shi da reza, ta feƙe wayoyin, ta cusa su a soket ta danne da tsinken ashana, yadda kowa yake yi wa rediyo.

Na ce, "Waya nawa kika gani a ciki?"

"Uku. Fara, baƙa da koriya. Ramin soket kuma biyu ne. Koriyar ban san inda zan kai ta ba, sai na murɗe ta da baƙar, tunda baƙa ba ta da wuta."

A wayoyinmu na nan haka ne, baƙa ba ta cizo, Rabi ba ta yi ƙarya ba. Amma a wayar da ta fito daga Amurka, baƙar ita ce mai wuta. Koriyar kuma kai tsaye take tafiya zuwa ƙarfen jikin inji. Wato duk lokacin da akwai wuta a gidan nan, jikin kwamfutar nan gaba ɗaya tsirarar waya ne. Abin da ya hana ta kashe Rabi tun farko shi ne a kan kujerar katako take zama, ƙafarta a kan busasshen buzu.

Yanzu kuwa a kan jiƙaƙƙen daɓe take tsaye, ta sunkuya ta rungumi akwatin ƙarfen da hannu biyu za ta ɗaga.

Na ce, "Rabi, sake shi! Fara zare wayar daga bango!"

Ta ce, "Ai babu wuta, Yaya, in na ɗaga za ta zame da kan..."

Duk wanda ya zauna a cikin birni ya san ihun nan. Daga nesa yake farawa, wajen bakin titi, ya biyo lungu gida gida. "An kawo wuta! An kawo!" Na ji shi a lokacin da fankar rumfa ta motsa a kaina.

Rabi ba ta yi ihu ba. Wutar bango ba ta jefar da mutum, riƙe shi take yi. Hannuwanta suka ƙanƙame akwatin, kanta ya koma baya, haƙoranta suka haɗu, wani gurnani yana fita daga maƙogwaronta, dugaduganta suna buga daɓe. Iya ta miƙe tana salati za ta kama ta. Na ture tsohuwar nan da kafaɗa har ta zauna a taɓo, domin da ta taɓa ta da su biyu ne. Na faɗa ɗakin. Na taka buzun Malam, na tsallake wani littafi da ke buɗe a kan abin karatu, hannuwana duka biyu a baya kada in kai su jikinta. Na hango wayar a bango a bayan tebur, da tsinkayen ashana. Na sa ƙafa na shure ta da takalmin. Ta fita da tartsatsi.

Rabi ta zube, inji ya faɗo a gefenta. Na juya ta, idonta a buɗe ba ta numfashi. Na kira sunanta, na girgiza ta, na danna ƙirjinta yadda Malam Bawa ya taɓa nuna mini. Ban san tsawon lokacin ba. Can ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta yi amai. A cikin damtsenta na dama kusurwar akwatin ta zana kanta, fari fat, tafin ƙafarta kuma ya ƙone wuri biyu. Aka nemo mota da ƙyar saboda rashin mai, aka kai ta asibiti.

Da na koma ɗaukar jakata, na ga sawun takalmina a kan buzun Malam, taɓo da kashin kaji, a fili kamar an buga hatimi. Iya tana tsaye a bakin ƙofa, zanenta duk taɓo, tana kallonsa. Na naɗe wayar nan na sa a jaka don kada wani ya mayar da ita, na fita.

Labari ya riga ni isa gida, amma rabinsa ne ya yi tafiya. A gidan suna, a gidan biki, abin da ake faɗa shi ne Asabe ta ture uwar Malam Haruna a taɓo, ta taka masa buzu da takalmi. 'Yan kiran da suka rage mini suka ɗauke. Na koma buga takardun ɗalibai da tafireta. Na je gaida Malam Bawa na gaya masa ina ganin aikin cikin birni ya ƙare. Ya ce, "Yarinyar tana da rai?" Na ce tana da rai. Ya ce, "Ke fa?" Na ce ga ni. Ya ce to ai aiki ya yi kyau.

Sai da damina ta ja baya aka aiko cewa Iya Mairo tana nemana. Na tafi ina shirin jin abin da zan ji. Na tarar da ita a kan kujerarta a bakin ɗakin, Rabi a gefe da bandeji a hannu. Na gaishe ta.

Ta ce, "Kin ture ni."

Na ce, "Na ture ki, Iya. Gobe ma in haka ta faru zan ture ki."

Ta ce, "Bakinki ba shi da linzami." Sannan ta jawo wata leda daga ƙarƙashin kujera ta miƙo mini. Takalmin roba ne, baƙi, mai kaurin ƙasa, irin nawa sak, sabo da takardarsa. Ta ce, "Na tambayi Malam. Ya ce ba takalmi ne abin ƙi ba, abin da ya taka ne. Wannan bai taɓa taka ƙasar waje ba, kuma ba zai taka ba. An kafa masa ƙusa a cikin ɗaki. Naki mai kashin kaji ki bar shi nan, ki tsaya a dokin ƙofa ki sa wannan. Shiga ki gyara wa yarinya abinta."

Na shiga. Na sa sabuwar waya da fulogi, na sa aka kira mai jan waya ya kafa ƙarfe a bayan soro ya jawo wayar ƙasa, na tsaya a kansa har ya gama. Na taɓa jikin injin da tasta, fitila ba ta kama ba.

Kafin shekara ta zagayo, gidaje da dama a birni masu kwamfuta sun kafa ƙusa a bayan ƙofa sun rataye takalmin roba. Ba ni na ce su yi ba, daga bakin Iya ya bazu, kuma abin da Iya Mairo ta yarda da shi babu tsohuwar da za ta ce ƙazanta ne. Ita kanta ta zama mai gadin ɗakin. Wata rana na je na tarar da Malam Haruna, da rawaninsa, yana leƙa bayan inji don tura waya, sanye da takalmin nan da ya yi masa kaɗan, dugadugansa a waje, Iya tana bakin ƙofa tana cewa, "Tura ƙafarka ciki sosai, ba a yi wa wuta rabi da rabi."

Rabi tana nan da ranta, ta yi ritaya. Har yau ita take share ƙurar tata, ita take duba waya in ta saki. Amma in abu ya yi ƙauri, aikawa take yi a kira mai gyara. In ta ɗaga hannun riga za ka ga kusurwar akwatin nan a damtsenta.

Ku da kuke cewa ko yaro ya iya, na yarda, ya iya. Rabi ma ta iya, ta fi ku. Ni na bar aikin da daɗewa, idona ba ya ganin ƙananan sukuru. Amma har yau in ina zaune a tsakar gida na ji ihun nan ya taso daga bakin titi, an kawo wuta, ko ludayi ne a hannuna sai na sake shi, in dubi ƙafata.